Kyanwa Mai Ciki da Sakacin Masu Gida

Sanin kowa ne Bahaushe gwani ne wajen gane cikin dabba. Da ganin akuya ya san ta ɗauka, ya ƙidaya mata wata 5. Goɗiya kuwa har ranar da aka yi mata baye yake riƙewa a ka. Amma kyanwa, wadda ke tsare masa rumbu daga ɓarnar ɓeraye, ba ya sanin halin da take ciki sai ran da uwargida ta buɗe adaka ta tarar da 'ya'ya huɗu kwance bisa zannuwanta. Daga nan sai tsintsiya da tsinuwa. Dalilin wannan bambanci ba ɓoyayye ba ne: akuya ana kai ta kasuwa, kyanwa kuwa kyauta ake bayar da ita. To, amma wanda ya ajiye dabba don ta yi masa aiki ya ɗauki nauyinta, ko tana da farashi ko ba ta da shi.

Alamun cikin nan ba su da wuyar ganewa. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato kimanin mako 9. Da farko takan daina kukan nan na neman muzuru da ke hana unguwa barci. Wajen mako na 3 kan nononta yakan yi ja ya ɗan kumbura, wani sa'in har da amai. Daga mako na 5 ciki ke fitowa ta gefe biyu, cinta ya ƙaru, barcinta ya yawaita. Idan haihuwa ta matso sai ta shiga leƙe-leƙen lunguna da ƙarƙashin gado. Ba sata take nema ba, makwanci take nema, kuma kwali ɗaya da tsummoki a kusurwa mai duhu ya isa ya ceci zannuwan uwargida.

Inda aka fi cutar ta shi ne wajen abinci. Kyanwa maciyar nama ce, guntun tuwo ba ya riƙe ta, balle tana ɗauke da 'ya'ya. Daɗin daɗawa, albasa da tafarnuwar da ke cikin ragowar miya suna lalata mata jini. Madarar shanu, wadda mutane ke ɗauka gata ce, zawo takan sa wa yawancin manyan kyanwoyi. Abin da take bukata shi ne dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko kayan ciki, ko ƙwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini domin ciki ya matse mata tumbi, da ruwa mai tsabta. Mahaucin unguwa ba zai hana 'yan yanke-yanke ba.

Sai kuma taimakon da ya fi ƙin taimako muni. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa maganin. Yara masu matsa mata ciki wai su ji motsi na iya sa ta yi ɓari. Idan kuwa matar gidan ita ma tana da juna biyu, wani ne ya kamata ya riƙa kwashe kashin kyanwar, saboda akwai ƙwayar cuta a cikinsa mai iya taɓa ɗan tayi.

Ran haihuwa ba ta son unguwar zoma, ba ta son 'yan kallo. Yawan leƙe ne ke sa ta yi ta ƙaura da 'ya'yanta a baki. Sai fa in ta wuce rabin sa'a tana yunƙuri ba abin da ya fito, nan likitan dabbobi ne kaɗai mafita. 'Ya'yan ba sa buɗe ido sai bayan kwana 7 zuwa 10, ba sa isa rabuwa da uwa kafin mako 8. Saboda haka mai kwashe su cikin buhu ya zubar a juji da dare kashe su ya yi, ko da bai ɗauki wuƙa ba.

Masu wannan aiki sukan ce yawan haihuwarta ne ya ishe su, kuma akwai gaskiya a ciki, don tana iya sake ɗauka tun tana shayarwa, ta haihu sau 2 ko 3 a shekara. Sai dai asibitocin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna yin ƙaramar tiyata mai tsayar mata da haihuwa gaba ɗaya, ana kuwa iya yi mata da zarar ta yaye.