Bindigar soja a rigar farar hula: me Amurka ta shuka, me maƙwabtanta ke girba?

Duk sa'ad da ƴan bindiga daɗi suka afka wa wani ƙauye a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji, suka kora shanu, suka tafi da mutane, magana guda ce ke dawowa a majalisa da kuma wayoyin da masu saurare ke bugo mana: a bar kowa ya mallaki tasa bindiga mana, ai haka ake yi a Amurka. Maganar ba a Nijar ta faro ba. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'arsa su nemi makamin kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta yi irin wanga kira. To tun da Amurka ake kawowa misali, bari mu leƙa can mu ga yadda abin yake.

Ba yau Amurkawa suka fara sha'awar bindigar soja ba. A yaƙin duniya na biyu an ƙera wa sojojinsu wata gajeruwar bindiga marar nauyi mai suna M1, fiye da miliyan 6. Da aka gama yaƙi, a 1963 gwamnati ta sayar wa fararen hula da wasu daga ciki a kan dalar Amurka 20 kowace ɗaya. Kamfanoni irin su Universal da Plainfield suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka shiga ƙera kwafinta don ƴan kasuwa. Har gobe ana cinikin waɗannan tsofaffin kwafi tsakanin masu sha'awa. Amma wadda ta mamaye kasuwa yanzu ita ce AR-15, ƴar uwar M16 da M4 da ke rataye a kafaɗar sojan Amurka. Kamfanin Colt ne ya soma sayar da ita ga farar hula a 1964, kuma da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1977, kowa ya samu damar yin tasa. Wani bincike da jaridar Washington Post ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa Amurkawa kusan miliyan 16 ne ke da ita a gida.

Masu sayar da ita na cewa ba bindigar yaƙi ba ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta soja, in ka danne kunama, tana iya ci gaba da aman wuta. Ta kasuwa kuwa ja ɗaya, harsashi ɗaya. Iyakar bambancin ke nan fa. Harsashin iri ɗaya ne, gidan harsashin ma iri ɗaya, mai cin 30. Wanda yatsansa ke da sauri zai zazzage su kafin ka gama ɗaura rawani. Da irinta aka kashe yara 20 da manya 6 a lakwal ɗin Sandy Hook a watan Disamban 2012. Da irinta wani saurayi ya kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas ranar 24 ga Mayun 2022, kuma a shago ya saye ta bisa doka, ƴan kwanaki bayan ya cika shekara 18.

Sai dai mu yi adalci. Mafi yawan kisan da ake yi da bindiga a Amurka da ƙaramar bindigar hannu ake yin shi, dogayen bindigogi rabonsu kaɗan ne a lissafi. Cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabi kansu suka harbe. Mafi yawan masu AR-15 ba su taɓa saita kowa da ita ba, harbin bango suke yi ko farauta.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen musaya. In ka je shagon dillali mai lasisi, dole ka cika takarda, a bincika sunanka a kwamfutar hukumar FBI, a ga ko ka taɓa cin kaso ko kotu ta hana ka riƙe makami. Amma in maƙwabcinka ne ke da bindigar, kai kuma kana da moto ko wata bindigar da yake so, sai ku yi furfure, ba ni gishiri in ba ka manda, in da ciko a cika. Dokar tarayya ba ta tilasta muku binciken komi ba, muddin jiharku ɗaya kuma shi ba sana'arsa ba ce. Wasu jihohin sun toshe wagga kafa da dokarsu, mafi yawa ba su toshe ba. Ga kuma wata dokar 1986 da ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga. Mu da ko tunkiya ba mu saye a kasuwa sai da dillali da shaida, don gudun kayan sata, abin na ba mu mamaki.

Ga misali guda. Wani mutum a Texas ya je sayen bindiga a 2014, bincike ya hana shi. A 2016 sai ya samu wani mai sayarwa a gida, ya karɓi AR-15 hannu da hannu, ba tambaya. Ranar 31 ga Agustan 2019 ya kashe mutum 7 a tsakanin Midland da Odessa. Wanda ya sayar mishi kuwa shekara 2 aka yanke mishi, shi ma don ya mai da abin sana'a ba lasisi.

Abin bai tsaya cikin gida ba. Maƙwabciyarsu Meziko tana da doka mai tsanani, sai a shagon da ke hannun soja ake sayen bindiga ta halal. Amma hukumomin Amurka da kansu sun tabbatar cewa, cikin bindigogin da aka kama a Meziko aka bi sawunsu tsakanin 2014 da 2018, kusan kashi 70 cikin ɗari daga Amurka suka fito. Yadda ake yi shi ne a ba wani mai tsabtar suna kuɗɗi ya saya a Texas ko Arizona, ya miƙa, a ƙetara iyaka da ita zuwa hannun masu fataucin ƙwaya. A 2021 Meziko ta kai kamfanonin ƙera bindiga ƙara, ciki har da Smith & Wesson, tana neman diyyar dalar Amurka biliyan 10. Ranar 5 ga Yunin 2025 alƙalan kotun ƙolin Amurka su tara, baki ɗaya, suka kori ƙarar. Hujjarsu wata doka ce ta 2005 da ke kare mai ƙera bindiga daga laifin da wani ya aikata da ita.

To nan ne labarin ya taɓo mu, don a wanga lissafi mun fi kusa da Meziko. Ba mu ƙera bindigar zamani, shigowa take yi. Tun da rumbunan makaman Libiya suka fashe a 2011 muke ganin kalashi a hannun da a da sai sanda da kwari da baka. A 2017 kwastan na Najeriya sun kama dubban bindigogin kasuwa a Legas, mafi yawansu daga Turkiyya, ɓoye cikin kwantena. Kuma ita bindiga ba ta ruɓewa kamar tumatir. Wadda aka ƙera shekara hamsin baya, in ana shafa mata mai, tana nan tana aiki, tana sauya hannu.

Ba mu ga laifin manomin da ke neman makami ba. Mutumin da aka sace wa mata sau ɗaya, aka sake dawowa, jandarmomi kuma na nesa, ba wa'azi yake buƙata ba. Amma mu tambayi kanmu: in aka ba shi yau, ranar da hatsi ya ƙare a rumbu, wa zai hana shi furfure da ita? Ranar da rikicin gona da makiyaya ya tashi fa? Amurka mai kwamfuta da ƴan sanda ko'ina ta kasa bin sawun hannu na biyu da na uku. Kuma riƙe makamin ma bai cika tsare rai ba: a farkon Nuwamban 2021, ƴan sa-kai na Banibangu da magajin garinsu, mutum 69, aka kashe a kwanton ɓauna.

Muna da tamu hanya da muka taɓa bi. Tun 1994 Nijar ke da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma ranar 25 ga Satumban 2000 an ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas bayan sulhu da ƴan tawaye. A 2006 ƙasashen CEDEAO sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai, wadda ta tanadi sa wa kowace bindiga lamba da musayar bayani tsakanin ƙasashe. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, Najeriya na ciki, iyakar da ke tsakaninmu kuma ta haura kilomita 1,500. In jandarma ya kama bindiga a Ɗan Isa gobe, lambar da ke jikinta wa zai aika wa a Katsina, kuma a ƙarƙashin wace yarjejeniya? Tambayar da za mu kai wa hukumomin tsaro na jihar Maraɗi ke nan a shirinmu na gaba.