Sharhi: Kakaki da algaita a zamanin kwamfuta, wa zai mallaki sautin fadar Katagum?

A ranar hawan Sallah a Azare, kafin jama'a su hango lemar Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruk na Biyu, kunnuwansu ne ke fara shaida musu cewa ya fito. Kakaki ne ke yin gaba, algaita na biye, gangunan fada na amsawa. Waɗannan kayan busa da kiɗa sun girmi masarautar da Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, domin Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da aka mayar da hedikwatar masarautar daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, masu busa da makaɗa sun biyo sarkinsu.

A yau irin wannan sauti ya zama haja a kasuwar duniya, kuma ana cinikinsa ne a matsayin manhajar kwamfuta. Kamfani kan gayyaci gwanin makaɗi zuwa situdiyo, a sa shi ya fitar da kowane amo na abin kiɗansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da matsakaicin ƙarfi, da ƙarfi sosai, kowanne sau da dama. Daga nan sai a yanyanka abin da aka naɗa zuwa dubban gutsattsari, a ɗora kowanne a kan maɓallin fiyano. Mai tsara kiɗan fim a Landan ko Mumbai, wanda bai taɓa ganin abin kiɗan da idonsa ba, zai sayi manhajar sau ɗaya, ya riƙa danna maɓallai yana fitar da amonsa a fina-finai da tallace-tallace da wasannin kwamfuta. Bisa al'adar wannan kasuwa, mai saye ba ya sake biyan ko sisi kan kowane aiki da ya yi da sautin, shi kuwa makaɗin galibi ladan zaman situdiyo kawai yake tashi da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Kamfanin Native Instruments na birnin Berlin a Jamus ya fitar da manhajar Kontakt a 2002, wadda ta zama ginshiƙin wannan sana'a. Daga bisani ya fitar da rumbun sauti mai suna West Africa, wato Afirka ta Yamma. Sai dai wanda ya leƙa cikinsa zai tarar da jembe da dundun da kora da balafon da ngoni, kayan kiɗan da suka fi alaƙa da Mali da Gini da Senegal da Gambiya. A kunnen mai tsara kiɗa na waje, yankin ya tsaya ne a ƙasar Mande. Kotso da taushi da jauje da kuntigi da gurmi ba su cikin abin da aka saba tallatawa da sunan yankin, duk da cewa masu jin Hausa sun kai miliyoyi da dama.

Wannan giɓi yana da fuska biyu, kuma ta farko ta daɗe da bayyana a gida. Tun ƙarshen shekarun 1990, situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, inda masu kiɗan fina-finan Hausa ke laluben amon da ya yi kama da sarewa ko goge ko ganga a cikin sautukan da aka ƙera a Japan. Daga baya manhajoji irin su FL Studio suka shigo, har ta kai matashi mai kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya yana iya yin aikin da a da sai an tara makaɗa biyar ko shida. A Azare, kamar sauran garuruwan Arewa, masu sa kiɗa da manyan lasifikoki sun karɓe kaso mai yawa na bukukuwan aure daga hannun masu kalangu. Abin takaicin shi ne matashin da ya ture makaɗin gargajiya bai ma samu sautinsa na asali ba, da kwaikwayo yake aiki. Da akwai ingantaccen rumbun sautin kayan kiɗan Hausa, da waƙoƙin zamani sun fi haka ɗanɗanon gida.

Fuska ta biyu ita ce wannan giɓi ba zai dawwama ba. Kamfanonin na neman sabon amo a kullum, kuma ranar da suka waiwayo ƙasar Hausa, tambayar za ta zama wa ya ba da izini, wa aka biya, sunan wa aka rubuta. Abin da ya faru a wasu wurare bai ba da ƙwarin gwiwa ba. A 1992 ƙungiyar Deep Forest ta Faransa ta yi suna a duniya da waƙar Sweet Lullaby, wadda aka gina a kan muryar wata mata mai suna Afunakwa daga Tsibiran Solomon, muryar da masani Hugo Zemp ya naɗa domin nazari, UNESCO kuma ta fitar a faifai. A Taiwan kuwa, dattijo Difang Duana da matarsa Igay sun ji muryoyinsu a waƙar Return to Innocence ta ƙungiyar Enigma, wadda aka yi amfani da ita wajen tallata gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Sai da suka shigar da ƙara kafin aka sasanta a wajen kotu.

Kiɗan Hausa ma yana cikin irin waɗancan faya-fayai. David Ames ya naɗi makaɗan Zariya a shekarun 1960, kuma shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da aka naɗa domin ilimi a wancan lokaci, a yau ana iya yanko shi cikin mintuna kaɗan.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta iya ɗauka cikin sauƙi, kuma a nan ne batun fada ya bambanta da na sauran kiɗa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata yana sassautawa, amo na hawa yana sauka daidai da karin sautin Hausa, har mai sauraro ya gane taken wane ake yi. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yayin da yake fitar da wadda ya tara a kumatu, shi ya sa busarsa ba ta yankewa, kuma amonta ba ya zama daram a kan matakai 12 da aka raba maɓallan fiyano a kansu. Injiniyan da bai san wannan ba zai "gyara" amon ya daidaita shi da ma'aunin Turai, ya sayar da abin da ba algaita ba da sunan algaita.

Kakaki da tambari kuwa alamun sarauta ne. Ba a busa wa attajiri kakaki komai dukiyarsa, kuma ba kowace rana ake buga tambari ba. Da zarar sun koma maɓalli, babu abin da zai hana a ji taken sarki a tallan sabulu. Ko masarauta za ta lamunci hakan, ko za ta ware abin da ake iya naɗa da wanda ba a taɓawa, hukunci ne da ya fi dacewa ya fito daga majalisar sarki da iyalan da suka gaji sana'ar tun kafin wani baƙo ya iso da makirufo.

Ta fuskar doka, Najeriya ba ta zauna hannu rabbana ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ci gaba da kare abubuwan al'adun gargajiya, ciki har da waƙoƙi da kiɗa, daga amfani da su domin kasuwanci ba tare da izini ba. Amma ikon ba da izinin yana hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ne, ba hannun makaɗin ko al'ummarsa ba. Sannan da wuya lauya ya gamsar da kotu cewa amo ɗaya tak na kakaki, wanda aka raba da takensa, ya kai a kira shi kiɗan gargajiya. A matakin duniya ma, yarjejeniyar da hukumar WIPO ta amince da ita a Geneva a watan Mayun 2024 ta shafi albarkatun halittu da ilimin gargajiya da ke tattare da su ne, ba ta haɗa da kiɗa ba.

Saboda haka kariya mafi kusa ita ce rubutacciyar yarjejeniya, kuma wanda ya fara naɗa shi ke da ƙarfin gindaya sharaɗi. Yankin Katagum na da cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan aiki, irin su Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare. Rumbun da aka haɗa a gida zai iya ɗaukar sunan kowane makaɗi, ya ware masa kaso daga kowane ciniki, ya sauƙaƙa farashi ga situdiyoyin Azare da Bauchi da Kano, ya kuma kulle taken sarauta a ɓangaren da masu nazari kaɗai za su shiga. Sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da UNESCO ta yi a watan Disambar 2024 ya ƙara jawo hankalin waje ga kiɗan fadojin Arewa baki ɗaya.

A halin yanzu dai, mafi yawan abin da ake naɗa na busar fadar Katagum yana fitowa ne daga wayoyin 'yan kallo a ranakun Sallah, ana ɗora shi a Facebook da TikTok da YouTube, cikin hayaniyar dawakai da ƙarar bindigogi, galibi ba tare da an ambaci sunan mai busa ko ɗaya ba.