Zare: Mariano Rivera ba ɗan benci ba ne

1/ Jiya wani ya shigo ƙarƙashin rubutuna yana cewa wai Mariano Rivera ɗan benci ne da sa'a ta ɗaga, wai bai cancanci girman da aka ba shi ba. Da maganar nan na kwana. Malam, zauna mu yi ta. 🧵

2/ Ga wanda ba ya kallon besbol: wasan zagaye 9 ne. Akwai mai jifan da ke buɗe wasa, akwai masu karɓarsa in hannunsa ya gaji. Na ƙarshensu shi ake kira mai rufewa. Galibi ba a fito da shi sai ƙungiyarsa tana gaba da ƙyar, saura zagaye ɗaya a tashi. In ya tsare nasarar, kowa ya kama gabansa. In ya zubar, shi za a kwana ana zagi.

3/ Rivera ɗan Panama ne, a ƙauyen masunta na Puerto Caimito ya tashi. Da kwalin madara suke haɗa safar kama ƙwallo, ƙwallon kuma tsohon taru ne a nannaɗe da salatif. Ƙwallon ƙafa ma ya fi so, ciwon idon sawu ya raba su. New York Yankees ta ɗauke shi a 1990.

4/ Ban musa maka ba, a 1995 an gwada shi a buɗe wasa, bai yi abin kirki ba. To sai me? A 1997 aka damƙa masa rufewa, kuma kafin ya yi ritaya a 2013, jimilla sau 652 ya tsare nasara a kakar wasa. Har yau ba wanda ya kamo shi.

5/ Kuma kusan da jifa iri ɗaya, wadda suke kira cutter. Ƙwallo ta taho kamar saitin, daf da mai bugu sai ta goce. Kowa ya san ita zai jefo, 'yan kallo sun sani, mai bugu ya sani, amma gora ta karye a hannunsa. A shekararsa ta ƙarshe Minnesota Twins kujera suka haɗa masa da karyayyun gorori, kyauta. Abokan hamayya fa!

6/ Babbar hujjarka ita ce wai zagaye ɗaya kawai yake jifa. In aikin banza ne, me ya sa ƙungiyoyi ke canza mai rufewa kamar riga? Wannan ya yi shekara biyu hannu ya mutu, wancan ya zubar da wasa ɗaya zuciyarsa ta karye. Shi shekara 17.

7/ Je ka duba wasannin neman kofi, inda ba ƙaramar ƙungiya. Zagaye 141 ya jefa, ci 11 kacal aka rubuta a wuyansa. Mutum 12 suka taka duniyar wata. Ka yi lissafin da kanka. Kofin World Series guda 5.

8/ Na san za ka kawo 2001. E, wasa na 7 da Arizona a hannunsa kofi ya suɓuce, ba wanda ya ɓoye. Amma ka lura wasa nawa ka iya tunowa cikin shekara 19?

9/ A 2012, yana da shekara 42, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Kansas City wajen atisaye. Aka ce shi ke nan. Ya dawo 2013 ya tsare nasara 44.

10/ A 2019 'yan jarida 425 suka jefa ƙuri'ar shigar da shi zauren gwarazan besbol. Duk 425 suka zaɓe shi, karon farko a tarihi. Babe Ruth bai samu haka ba. Derek Jeter ƙuri'a ɗaya ta hana shi.

11/ Ina jiran sunan ɗan bencin da ya yi rabin wannan. Kawo shi nan ƙasa, ba a inbos ba.