Waiwaye: Lokacin da Lungu Yake Taya Uwa Raino

Duk wanda ya tashi a Koki ta Kano ya san a da gida ba ya ƙarewa a bakin soro. Yaro ya farka a ɗakin uwarsa, ya sha koko a maƙwabta, ya sha faɗa wurin dattijon da ba su haɗa ko kaka ba, da magariba a je a ɗauko shi yana barci a ɗakin wata tsohuwa can ƙarshen lungu. Ba wanda ya ɗauki wannan abin a zo a gani. Haka muka tarar, haka muka taso.

Ai ko sunan da ya fi kowanne amo a unguwar nan, daga riƙo ya fito. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana ƙaramin yaro a Bebeji mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi fatauci ƙasar da ake kira Gana a yau, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Muna yawan tuna fataucin goro da dalar gyaɗa, amma tsohuwar ba kasafai take zuwa bakinmu ba.

A lungunmu an yi wani yaro, ba zan kama suna ba don danginsa suna nan da ransu. Ya wuce shekarun da sa'o'insa suke surutu, shi ko "Inna" bai faɗa ba. In ka kira shi ba ya waiwayowa, in ka dube shi ya kau da ido. Sai ya wuni yana jera marafan kwalba a kan dakali, layi guda ɗoɗar, in wani ya taɓa ɗaya kuwa ranar unguwa ba ta da sakat. Ƙarar injin markaɗe takan sa ya toshe kunne ya yi ta buga kansa da bango. Wasu suka ce shafar aljanu ce, wasu suka ce sammu, har akwai masu raɗar wai ɗan ruwa ne. An sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, yaro yana nan yadda Allah Ya yi shi.

Abin da nake so mu tuna shi ne yadda aka yi da uwarsa. Ba taro aka kira ba, ba kwamiti aka naɗa ba. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ce, kullum da hantsi sai ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo min mijina, ki je ki runtsa." Uwar ta ce, "Iya, yau fa rigima yake ji." Ita kuwa ta ce, "Ni da mijina, ina ruwanki?" Ta ja shi ɗakinta, ta zube masa marafansa a gefen tabarma, ta ci gaba da murzarta. Da azahar malamin makarantar allo ya zaunar da shi kusa da buzunsa, ya kuma gargaɗi gardi cewa bulala ba ta hawa kan wannan. Telan da ke soron kusa da masallaci shi ya gano yaron yana son ware maɓallai, kowane launi gefe guda, har ya zama masa ɗan hannu. Ranar da ya ɓace kuwa, kafin a gama cigiya a lasifikar masallaci wani mai kayan ƙoli a Kasuwar Kurmi ya riƙo hannunsa har ƙofar gida, don ya san ɗan gidan wane ne.

Yau likitoci suna cewa irin waɗannan yara sun fi samun natsuwa idan fuskokin da suke gani da tsarin wuninsu ba sa canjawa. Tsohuwar nan ba ta taɓa jin wannan bayani ba, amma shi take yi.

To mu dubi 'ya'yanmu mata na yanzu. An kai yarinya gidan haya a Sharaɗa ko Rijiyar Zaki, get a kulle, katanga ta fi ƙarfin sallama. In Allah Ya ba ta irin wannan ɗa, ita kaɗai ce da shi dare da rana. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, saboda in ya yi kururuwa a cikin mata za ta ji ana cewa, "Ba ta iya tarbiyya ba." Wani mijin ma sai ya ɗora mata laifin, ya ce daga danginta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu da muke waje shawara kawai muke da ita: kai shi wurin wane, ba shi kaza.

Haka ɗan ƙiriniya, wanda ba ya iya zama wuri guda. A da shi ne ɗan aiken lungu baki ɗaya, in ya tasa kawunsa ya ja shi kasuwa, ƙarfin nan ya tafi a kan ɗaukar kaya da lissafi. Yanzu sai a kore shi daga wannan makaranta zuwa waccan, a sa masa suna gagararre.

Kada mu yaudari kanmu, da ɗin ma ba zuma ce zalla ba. An daki yaran da ba duka suke buƙata ba, an ɓoye wasu a ƙuryar ɗaki, an kai wasu gidan mari. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, daga nan Daura, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje a ƙarshen shekarar. A ganina, yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba. Gajiya ce, da rashin wanda zai karɓe su ko na wuni ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma wanda ya shekara bai yi barci ba komai yana iya yi.

Ta fuskar sani kam mun fi iyayenmu. Yanzu an san irin lalurar yaron lungunmu, wato galahanga, daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu take, ba laifin uwa ba ne, kuma horo tun da wuri yana taimakawa ƙwarai wajen magana da kula da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Akwai likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Tun Janairun 2019 kuma akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Sai dai likita ganin 'yan mintoci yake yi ya ce a dawo wata mai zuwa. Sauran watan fa, a hannun wa yaron yake?

Don haka ina roƙon limamanmu su riƙa sako zancen nan a huɗuba, masu unguwanni su san gidajen da irin waɗannan yara suke, malaman Islamiyya su ba su wuri ko da ba za su haddace komai ba. Ke kuma Hajiya, da kika aurar da naki kika huta, akwai irin wannan uwa kusa da ke. Ki shiga ki tambaye ta abin da yake firgita yaron da abin da yake ci, sannan ki karɓe shi awa biyu, ki sa rana a mako wadda ba za ki saɓa ba.