Ghana: Ƙarfin doki nawa kwalekwalen masunci ke buƙata?

Duk wadda ke sayen bandar kifi a kasuwar Nima ko Maamobi tana biyan kuɗin man da wani inji ya sha a teku, ko ta sani ko ba ta sani ba. Daga Zongo Lane zuwa gaɓar Jamestown tafiyar ƙafa ce, kuma a can ake fara lissafin farashin.

A da, masuntan Accra da filafili suke tuƙi, su kafa ƙyalle a kan sanda iska ta tura su. Yau yawancin manyan kwalekwale na ɗauke da inji mai ƙarfin doki 40, galibi Yamaha, mai shan man firimiks da gwamnati ke yi wa tallafi.

Sai dai ruwa ba titi ba ne. Kwalekwale mai nauyi ruwa yake turewa, don haka wanda ke son ninka gudunsa sau biyu sai ya nemi ƙarfin da ya kai kusan ninki takwas. Abin da ke ba da gudu da arha shi ne siffa: dogo, siriri. Amma siriri ba ya ɗaukar babbar koma da ma'aikata da yawa, kuma yana saurin kifewa. Idan aka faɗaɗa shi da katako a kan gindin itacen wawa, kaya sun samu wuri, mai kuma ya ƙaru.

To me ya sa masunta ba sa yarda da ƙaramin inji? Suna da hujja. Keta igiyar ruwa a bakin gaɓa na son ƙarfi nan take, haka ma zagaye garken kifi kafin ya watse. Ga shi kifin ya yi ƙaranci, sai an yi nisa.

Abubuwa biyu na iya sauya lissafin. Tashar masunta ta Jamestown, wadda ƙasar Sin ta ba da kuɗin ginawa aka buɗe a 2024, tana da katangar da ke karya igiyar ruwa. Dokar kamun kifi ta 2025 kuma ta kori manyan jiragen jan koma daga mil 6 zuwa 12 daga gaɓa. Idan aka aiwatar da ita da gaske, kifi ya farfaɗo kusa, matsakaicin inji tare da ƙyallen iska na dawowa gida zai wadatar da masunta da dama. Amma muddin tallafin mai na tafiya da yawan litar da aka ƙona, mai babban inji ne zai ci gaba da kwasar kaso mafi tsoka.