Dokar Taya A Tseren Ƙananan Motoci

Yaran Mubi, kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Arewa, sun daɗe suna ƙera motocin kara da na langalanga, su yanka musu taya da tsohon silifa, su yi tsere. Sai dai wasan ba shi da doka, shi ya sa yakan ƙare da gardama.

A ƙasashen Turai da Amurka har manya suna tsere da ƙananan motoci da ake sarrafawa daga nesa da na'urar rediyo. A 1979 aka kafa ƙungiyar IFMAR mai shirya gasar duniya. A ajin motocin batir na kan kwalta, masu kashi ɗaya cikin goma na girman motar sosai, faɗin mota ba ya wuce milimita 190. Gangar jiki sai wadda aka amince da ita. Taya kuwa iri ɗaya ake zaɓa wa kowa, kuma a ƙidaye.

Hikimar ita ce, taya ke kama ƙasa, gangar jiki ke ratsa iska. In aka sakar wa kowa mara, mai kuɗi ne zai riƙa kayar da gwani.

Ya kamata makarantun Mubi, musamman Kwalejin Fasaha ta Tarayya, su shirya wa yara gasa bisa wannan ƙa'ida, domin a gane masu basirar ƙira tun suna ƙanana.