Cinikin tarakta: kada a taya ƙarfe a manta da aikinsa

Kowace shekara, da zarar bazara ta kawo jiki, sai ka ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da manyan masu gonaki na Jiratawa, Ƙonni da Galmi sun nufi Yamai ko Kano neman tarakta. Da yawa suna komowa da murna, wai sun sa dila ya rage miliyan guda. Shekara biyu ba ta cika ba, motar tana kwance ƙarƙashin bedi, kaji suna ƙwai a cikinta. Mu a ganinmu, laifin yana ga yadda ake cinikin tun farko.

Bahaushe ya gaji ciniki. Ya san taya, ya san albarka, ya san sallamawa. Amma cinikin sa a kasuwa ya ƙare da an kama igiya, shi kuwa na tarakta a ranar ne yake somawa. Wanda ya sayi tarakta ya ɗaura aure da dilansa na shekara goma, domin wajensa zai koma neman matatar mai, da taya, da famfon gazuwal. Saboda haka farashin gaskiya shi ne kuɗin saye haɗe da abin da motar za ta ci har ta tsufa.

Dila yana da hujjojinsa, kuma wasunsu gaskiya ne. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairun 1994, kowa ya koyi cewa kayan waje suna iya ninka kuɗi dare ɗaya. A 2023 kuma, da aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, sufuri ya yi tsada. To amma hujja ba ta hana lissafi. Mai saye yana da haƙƙin a rubuta masa komai dalla-dalla: kuɗin motar, na sufuri, na duwan, da la'adar dillali in akwai shi. Dilan da ya ƙi rarrabe waɗannan, a cikin dunƙulen ya ɓoye ribarsa.

Kafin a taya, a san abin da ake taya. Suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya: akwai Massey Ferguson da ake haɗawa a Pakistan, akwai tsofaffi da suka gama aiki a Turai aka sake masu fenti. In tsohuwa ce, a tafi da makaniken da ba na dila ba, ya dubi agogon awowin aiki, ya tashe ta da sanyin safiya, ya ga irin hayaƙinta, ya ɗaura mata garma a gwada. A kuma auna ƙarfinta da ƙasar da za ta noma. Laka ta fadama tana son ƙarfi, amma jigawar hatsi ba ta bukatar babbar mota, garma mai zurfi ma sai ta buɗe ta ga iska.

Sannan a kai ciniki inda dila ya fi sauƙin sassautawa. Sau da yawa zai ƙi rage jika ɗari, amma ya yarda ya haɗa da garma ko tirela, ya ƙara watannin garanti, ya horar da direba. Abu mafi muhimmanci shi ne ranar kawowa. Damanarmu gajera ce, kwanakin huɗa ƙidayayyu ne. Taraktar da ta iso a watan Agusta ta ci shekara guda a banza, alhali bashin banki yana tafiya. A rubuta ranar a takarda, a riƙe wani kaso na kuɗin sai mota ta sauka. Kuma a nemi farashin dila uku kafin a zauna da ɗaya, domin wanda ba ya iya tashi ya tafi, roƙo yake yi.

Akwai kuma gefen da ya shafi hukuma. Duk lokacin da aka shigo da taraktoci masu rangwame ba tare da an bayyana farashinsu da sunayen waɗanda suka samu ba, kasuwa ce take ruɗewa, talaka kuma ya yi zargin an duba katin jam'iyya. A buga waɗannan bayanai a fili, a karanta su a rediyo da harsunan ƙasa. Zaurukan manoma na jihohi su ma su riƙa tattara farashi suna sanarwa, kamar yadda ake yi wa albasa da wake.

Ƙungiyoyin manoma kuwa su daina zuwa ɗai-ɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya biyar da suka zo sayen tarakta biyar rana ɗaya, su ne za su iya tilasta dila ya ajiye kayan gyara a Maraɗi, Tawa ko Damagaram. Kuɗin da ake kaiwa gumin mambobi ne, kuma kowane shugaba zai tsaya gabansu ya faɗi yadda ya kashe shi.